Babi na Bakwai: Kananzir da Ɗarin Hunturu

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu, iskar arewa maso gabas ba ta samun abin da zai tare ta kafin ta iso Babura. Daga cikin Sahara take tasowa, ta kwashi ƙura a kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta ratsa Damagaram da Magarya, ta tsallako iyaka ba ta nemi izinin kowa ba. Sai ta gangaro Kazaure, ta kewaye duwatsun Roni, ta bazu a ƙauyukan Gwiwa har ta faɗa ƙasar Katsina. Da rana hazo ne, rana ta fito fara fat ba ƙarfi. Da dare kuwa ɗari ne mai fasa leɓe da dunduniya. Kafin asuba ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 12 ko 13, a wasu darare ya yi ƙasa da haka.

Mutumin Mosko zai ji wannan lissafi ya yi murmushi. Amma shi an gina masa gida ne don sanyi, mu kuwa don zafi muka gina namu, tunda yawancin watannin shekara zafi ne ke damunmu. Taga ba gilas, ƙofa sai asabari ko labule, rufi kuma yanzu kwano ne kusan ko'ina. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yakan sha rana wuni guda, ya riƙa sakin ɗuminta a hankali har dare ya raba. Kwano ba ya ajiye komai. Rana na faɗuwa ya huce, kafin tsakar dare ɗakin ya zama ɗaya da tsakar gida. Mun yi canjin ne don gudun yaɓe da ɗigar damina, kuma ba wanda zai ga laifinmu, sai dai hunturu yana karɓar kuɗinsa duk shekara.

Abin da muke yi da ɗari kowa ya sani. Da asuba yara su tara kara da yayi a ƙofar gida su hura, a kewaye ana jin ɗumi har rana ta ɗaga. Da dare a zuba garwashi ko gawayi a kasko, a shigar ɗakin tsohuwa ko na mai jego, a ja ƙofa, a toshe taga da tsumma. A tsofaffin gidaje akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, inda ake hura wuta ta gasa shi. Kuma kusan babu hunturun da zai wuce ba a ji a rediyo cewa gobara ta tashi daga kaskon jin ɗumi ba, ko an wayi gari an tarar da mutanen ɗaki guda ba sa motsi alhali ko tabarma ba ta ƙone ba. Hukumomin kashe gobara na Kano da Jigawa duk shekara sai sun yi wannan gargaɗi.

A wasu ƙasashe, abin da ke tsayawa a madadin kaskon nan shi ne hitar kananzir. A Japan tana cikin gidaje masu yawan gaske, haka a Jodan da Iraƙi da Iran, haka a Cile ta Kudancin Amurka. A Kazaure kuwa sai ka zaga kasuwa kaf ba lalle ka ga guda ɗaya ba. Duk da haka babu matar aure da ta kai shekara arba'in a wannan yanki da za a ce ba ta san yadda take aiki ba, domin ta yi shekaru tana girki a kan ƙanwarta, wato risho.

Daga tanki zuwa harshen wuta

Ɗauki rishon da aka saba da shi, irin su Butterfly da aka riƙa sa wa amare a cikin kayan ɗaki. A ƙasa akwai tanki. Daga tankin lagwani ya taso, gindinsa a cikin mai, kansa a waje. Babu famfo, babu injin da ke tura man sama, amma kan lagwanin kullum a jiƙe yake. Dalili shi ne zaren auduga cike yake da 'yan ƙananan hanyoyi tsakanin silinsa, ruwa kuma yana kama jikin zare ya riƙa hawa ta cikinsu, yadda bakin zani yake jiƙewa har sama idan ya taɓa ruwan da ke ƙasa. Duk abin da wuta ta cinye a sama, wani na biye da shi daga ƙasa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ruwan kananzir da kansa ba ya ci da wuta. Tururinsa ne ke ci. Idan aka kanga ashana a kan lagwani, zafinta yana mayar da ɗan man da ke wurin tururi, tururin ya kama, zafin wutar ya ƙara dafa wani man, haka abin zai yi ta tafiya. Shi ya sa lagwani ke daɗewa: muddin akwai mai a tanki, kansa kawai ke ɗan babbakewa.

Sai kuma gwangwanayen nan biyu masu huji-huji da ake kifawa a kan lagwani, ɗaya a cikin ɗaya. A nan gwanintar take. Tururin mai yana tashi ta tsakaninsu, iska tana shigowa ta ɗaruruwan hujin nan ta gauraya da shi, ƙarfen kuma ya yi zafi har ya yi ja, ya hana tururin hucewa kafin ya gama ƙonewa. Idan iska ta wadata, wuta takan fito shuɗiya, ba hayaƙi, ba wari. Idan iska ta gaza, sai ta yi ja ko rawaya, ta baƙanta gindin tukunya. Baƙin nan mai ne da aka saya da kuɗi bai ƙone ba. Mai gyaran risho a kasuwa bai karanta kimiyya ba, amma da ya ga wutar zai ce, "Hajiya, hujin ne suka toshe, kuma lagwanin ba su daidaita ba." Gaskiyarsa ke nan, duk injiniyan da za a kira iyakar abin da zai faɗa ke nan.

Hitar ɗaki wannan tsarin ne aka faɗaɗa aka kuma gyara. A maimakon ƙananan lagwani takwas ko goma, tana da guda ɗaya mai faɗi, zagayayye. Gindinsa auduga ne don ya sha mai sosai, kansa kuwa a na'urorin zamani zaren gilas ne, wanda wuta ba ta cinye shi. A kan rishon girki zafin tukunya yake nufa. A hita ba tukunya, don haka sai a sarrafa zafin ta ɗayan hanyoyi biyu. Akwai mai kusurwa huɗu, wadda ke da ragar ƙarfe da ke yin ja wur, da farantin ƙarfe mai sheƙi a bayanta yana turo zafin gaba. Wanda ya zauna a gabanta nan take zai ji ɗumi a jikinsa ko da iskar ɗakin ba ta ɗumama ba tukuna, ita ake jinginawa kusa da bango a ƙaramin ɗaki. Akwai kuma doguwa zagayayya da ake ajiyewa a tsakiyar ɗaki. Ita iska take dafawa: mai sanyi ta shiga ta ƙasa, ta fita ta sama da zafi, ta bi rufi ta sauko, har ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Ta fi ƙarfi, ta fi shan mai, ta fi dacewa da babban falo ko zaure.

Waɗannan biyun ba sa buƙatar lantarki ko kaɗan, in ban da ƙananan batura na kunnawa, waɗanda ashana ma tana maye gurbinsu. Akwai wasu iri biyu da ba sa tashi sai da lantarki. Ɗaya tana da fanka da ke hura iskar ɗumi da ma'aunin da ke rage wuta in ɗaki ya yi zafi. Ɗayar kuma, wadda ta fi duka aminci, ana huda mata bango ne a sa bututu: ta ja iskar ƙonawa daga waje, ta mayar da hayaƙinta waje, ɗaki ya samu zafi zalla. Ita ake amfani da ita sosai a Hokkaido, tsibirin arewacin Japan mai tsananin ƙanƙara, inda tankin mai yake a wajen gida.

Abin da lita guda ke iya yi

Lita ɗaya ta kananzir tana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 10 na lantarki, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Ƙaramar hita mai ƙarfin kilowat biyu da rabi tana shan wajen rubu'in lita a awa, wato lita guda ta kai ta awa huɗu. Da yake hayaƙinta ba ya fita ta ko'ina, kusan duk zafin a ɗaki yake zama.

A gwada wannan da sola, wadda ta riga ta kori fitilar ƙwai da aci-balbal daga yawancin gidajenmu. Faranti mai wat 100 yana tara wajen rabin yunit a rana mai kyau. Ke nan sai ya yi kwana 20 yana aiki kafin ya tara zafin da ke cikin lita ɗaya, kuma a lokacin hazo ko rabin yunit ɗin ba ya cikawa. Sola ta ci gari a wajen haske da cajin waya saboda waɗannan ba sa cin ƙarfi. Ɗumama ɗaki aiki ne mai cin ƙarfi, ƙaramar sola ba ta isa ba. Hitar lantarki kuwa sai inda wuta ta kai, kuma take tsayawa da dare.

Da gawayi fa? Kilo ɗaya na gawayi yana ba da wajen yunit 8, don haka lita guda ta ɗan ɗara kilo guda. Amma kafin a sami kilon nan ta hanyar binne itace da turɓaya yadda ake yi a dazukanmu, sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace. Jigawa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin dashen bishiyoyi na Tarayyar Afirka don tare hamada ya ratsa, shirin da aka amince da shi a 2007. Wanda ya bi hanyar Kunya zuwa Babura ya dubi gonaki ya san gawo da kuka da tsamiyar da suka rage ba su da yawan da za a riƙa mayar da su toka don jin ɗumi.

Akwai wani amfani da ya dace da mu fiye da Turawa. Kananzir in ya ƙone yana fitar da tururin ruwa, kusan lita ɗaya ta ruwa a kan kowace lita ta mai. A Ingila wannan abin ƙorafi ne, domin ƙasarsu da ma a jiƙe take, bango ya yi ta gumi yana funfuna. A hunturunmu, da iska ke bushewa har hanci ya riƙa haɓo, wannan danshin alheri ne. Sannan wutar a killace take cikin raga, ba tartsatsi, ba garwashin da zai gangaro kan katifa, ana iya ƙara ta ko a rage, a kashe ta da juya maɓalli ɗaya. Kasko ba shi da maɓalli.

Man da ya fara haska duniya

Kananzir ya girmi motar da muke ganin don ita ake haƙo mai. Tun a ƙarni na tara zuwa na goma, likitan nan Abubakar al-Razi, wanda ya yi aiki a Bagadaza, ya bayyana yadda ake tace ɗanyen mai a fitar da fari mai kama wuta. Sai dai bai zama hajar kasuwa ba sai a ƙarni na 19. Abraham Gesner, mutumin Kanada, ya nuna man fitila da ya tatso daga kwal a 1846. A 1853 wani mai haɗa magunguna, Ignacy Lukasiewicz, ya ƙera fitilar kananzir a birnin Lviv, har aka yi tiyata da haskenta a asibitin garin a wannan shekarar. Da Edwin Drake ya haƙa rijiyarsa a Pennsylvania ta Amurka a 1859, man fitila ake nema. Fetur a lokacin kusan shara ne, masu matatu ba su san yadda za su yi da shi ba.

Hitar ɗaki ta biyo baya. Wadda ta fi suna a ƙarni na 20 ita ce Aladdin mai shuɗiyar wuta, ƙirar Ingila, wadda ta yaɗu har Iran da Japan. Ba a kai ga amincin da take da shi yau cikin sauƙi ba. A 1959 gobarar hita ta kashe yara biyar a garin Ware na Ingila, abin da ya sa majalisar ƙasar ta yi dokar ingancin irin waɗannan na'urori a 1960. Japanawa, da ƙasarsu ke yawan girgiza, su suka nace a kan ƙugiyar da ke faɗar da lagwani ta kashe wuta da zarar an ture na'urar ko ƙasa ta motsa. Kamfanoninsu irin Toyotomi da Corona har yau suna kan gaba a wannan sana'a. Bayan girgizar ƙasar 11 ga Maris 2011, da lantarki ya yanke cikin sanyi a arewa maso gabashin ƙasar, mutane sun koma neman mai lagwani wadda ba ta jiran kowa. A can ana sayar da man a jarka mai lita 18, ja a gabashin ƙasar, shuɗiya a yammaci, kuma motoci na zaga unguwanni da kiɗa suna tallarsa. Na kawo launin jarkar da gangan, za mu ga dalili nan gaba kaɗan.

Inda ake mutuwa

Duk wutar da ke ci a cikin ɗaki tana rabon iska da masu barci a ciki. Tana cin oksijin ɗin da suke shaƙa. In ya fara ƙaranci, ƙonewa ba ta cika, sai wutar ta riƙa fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri da kasala, in a farke yake ya ce mura ce ko gajiya, in yana barci kuwa ba abin da zai tashe shi. Gawayi ya fi kowane makamashi na gida fitar da ita, kuma ya fi yaudara, saboda in ya ruru ba a ganin hayaƙi, sai a ɗauka ya zama lafiya. Janareta da aka shigar cikin gida don gudun ɓarawo haka yake kisa.

Hitar kananzir mai shuɗiyar wuta tana fitar da wannan guba kaɗan ƙwarai in an gwada da kasko, amma kaɗan ɗin ma yana taruwa a ɗakin da aka toshe. Masu ƙera ta da kansu suna rubutawa a jikinta cewa a riƙa buɗe taga ana sabunta iska, kuma kada a yi barci a bar ta tana ci. Wannan na biyun ba baƙo ba ne a wurinmu: malamai suna karantar da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kashe wuta kafin a kwanta, bayan wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Hanyar da ta dace ita ce a kunna bayan magariba, ɗaki da bango da shimfiɗa su ɗauki ɗumi, a kashe kafin barci, a ja bargo. Da asuba a sake kunnawa.

Wani kuskure da masu risho suka saba da shi, wanda a hita ya fi haɗari, shi ne rage lagwani can ƙasa don tattalin mai. Wuta in ta yi ƙanƙanta ba ta iya gasa gwangwanayen, sai ƙonewa ta lalace, wari da guba su ƙaru. Haka yayyafa ruwa don a kashe: ruwan yana gangarawa tanki, ya zauna a ƙasan mai, auduga ta sha shi ta daina jan kananzir, tanki ya yi tsatsa. Ba a kuma ƙara mai wuta na ci ko ƙarfe na da zafi. A fitar da ita waje, ta huce, a zuba da mazurari.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2014 kan iskar cikin gida, ta ce ba ta ƙarfafa amfani da kananzir a gidaje ba, saboda hayaƙinsa da ƙuna da kuma shan sa da yara ke yi. Na ukun nan kowane ma'aikacin asibitin yara a ƙasar nan ya san shi. Muna sayen kananzir a kwalbar lemo ko robar ruwa, mu ajiye a ƙarƙashin gado, yaro mai rarrafe ya ɗauka ya kurɓa. In haka ta faru kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Haɗarin yana wajen man ya shiga huhu, amai kuwa hanya yake buɗe masa. A cire masa rigar da ta jiƙe, a nufi asibiti.

Mafi muni shi ne gauraye. Kananzir mai kyau ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya kai wajen digiri 38. Fetur yana fitarwa ko a digiri 40 ƙasa da sifili. Ɗan kaɗan in ya shiga kananzir, ko don an yi amfani da jarka ɗaya, ko don mai sayarwa ya ga fetur ya fi araha ya ƙara auki, sararin da ke saman mai a cikin tanki sai ya cika da tururi mai jiran ashana. Abin da ya faru a jihar Edo a 2001 ke nan, lokacin da fitilu da risho suka yi ta fashewa a hannun mata da yara, aka rasa rayuka. Jarkar Japanawa mai launi na musamman maganin wannan ce: abin kananzir daban, na fetur daban, ba sa haɗuwa. Mu kuwa a teburin ɗan bumburutu galan ɗaya da mazurari ɗaya suna iya yi wa duka biyun hidima. Wanda ya sayi man da bai yarda da shi ba, ya ɗiga kaɗan a murfin gwangwani, ya kai tsakar gida nesa da jarkar, ya miƙa masa wuta a bakin dogon kara. In ya kama fuu nan take, akwai fetur a ciki.

To, a saya?

Da a ce wannan babi an rubuta shi a 2010, da amsar ta fi sauƙi. A lokacin farashin gwamnati naira 50 ne lita, ko da yake mutumin ƙauye bai cika samunsa a haka ba. A Janairun 2016 aka janye tallafi, farashin hukuma ya koma naira 83. Zuwa ƙarshen 2022 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna matsakaicin farashin lita ya haura naira 1,000. Wani ɓangare na dalilin shi ne kananzir da man jirgin sama kusan abu ɗaya ne, daga sashe ɗaya na ɗanyen mai ake tatso su. Jirgin da ke kwasar alhazai daga Kano ko Dutse kananzir yake sha wanda aka ƙara tacewa. Matar da ke riƙe da kwalba a bakin kasuwa, ba ta sani ba, da kamfanonin jiragen sama take takara.

Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta. Lita guda kowane dare, dare 60 na tsananin ɗari, lita 60 ke nan. Ko a kan naira 1,000 ya zama naira 60,000, ban da kuɗin na'urar da ba a ƙera ta a nan, ban da lagwaninta da sai an yi oda. Manomin gero a Gwiwa zai sayi barguna da rigunan sanyi na yara duka da ƙasa da haka, kuma su kai shi baɗi. Shi ya sa ma risho da kansa ya ja baya: masu hali a cikin garin Kazaure sun koma gas, marasa hali sun koma gawayi da itace. A ganina, ga gidan talaka, hitar kananzir a farashin yau ba ta da wurin zama, kuma duk wanda ya ce maka ita ce maganin hunturu bai je gidan mai kwanan nan ba.

Akwai dai wuraren da lissafin ke fita. Mai kiwon kaji da ya ɗauko 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya yana buƙatar zafin digiri 32 zuwa 35 a makonsu na farko, dare ɗaya na ɗari ya isa ya kwashe masa jari. Da yawan masu kiwon da ma risho ko fitila ko kaskon gawayi suke sa wa tsakin, hita mai raga da ƙugiyar kashe kanta ta fi waɗannan duka. Ɗakin haihuwa a ƙaramin asibitin karkara shi ma haka: ƙa'ida ita ce kada zafinsa ya gaza digiri 25, domin jariri yana zubar da ɗumin jikinsa da sauri. A irin wannan wuri mai bututu ce ta dace, a kuma nisanta ta da tukunyar oksijin, solar asibitin ta isa ta juya 'yar fankarta. Sai gidan da ke da tsoho mai ciwon ƙirji da 'ya'ya masu halin saya masa mai tsabtatacce daga gidan mai.

Sauran jama'a, abin da ya kamata mu ɗauka daga wannan na'ura shi ne bututun. Gadon ƙasa na kakanninmu dabara ce mai kyau wadda ba a ƙarasa ba: ƙasa tana riƙe zafi har asuba, amma hayaƙi da gubar suna zama a ɗaki, zafin kuma ba shi da linzami. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kwanciya a gado mai wuta haɗe da wankan jego da kunun kanwa. Mutanen arewacin Sin suna da irin wannan gado na tubali, Koriyawa kuma daɓen ɗakin gaba ɗaya suke gasawa, sun yi ɗaruruwan shekaru a haka. Bambancin shi ne su hayaƙin ta cikin rami yake bi a ƙarƙashin gado ya fita waje ta bututu, kuma sau da yawa wutar girkin dare ce ke yin aikin, ba a ƙona wani itace na daban. Tubali da yumɓu da magina duk muna da su a Roni da Babura, maƙeran da za su naɗa bututu daga kwano suna nan a kowace kasuwa.

Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, inda ɗalibai ke neman aikin kammala karatu duk shekara. Ina roƙon malamansu su ba wasu daga ciki wannan aiki: su gina gado mai bututu a ɗaki mai rufin kwano, su auna zafinsa da iskarsa tsawon hunturu guda, su rubuta kuɗin da ya ci, sannan su kira magina daga ƙauyuka su koya musu.